Hoton Ƙashin Bayan Barde

Abin ya daɗe, tun farkon samun Jihar Kebbi, ƙila na manta wasu abubuwa. Lokacin na gama karatun likitan dabbobi, muna binciken yadda ƙarfin ƙashin baya yake bambanta a karnuka masu lafiya.

Maiyama

Bayan sallar asuba na bar Jega a babur zuwa Liba. Baba Manu maharbi ya yarda mu ɗauki hoton ƙashin bayan karensa Barde a asibiti, amma ƙafarsa ƙafar karen.

"Likita, wanga kare shi ka ciyar da gidana," in ji shi.

Jega

Direbobi suka ƙi ɗaukar kare, wai zai ɓata wa fasinja tufafin salla. Da ƙyar muka samu bayan motar albasa zuwa Sakkwato. Aka yi wa Barde allurar barci, aka ɗauki hoton, washegari muka juyo.

Aliero

Muka tsaya cin tuwo. Garin masu ɗori ne, kowa yana jin ya san ƙashi. Baba Manu ya ɗaga hoton a rana, mutane suka taru. Wani mai faci ya nuna inda ƙashin ya yi duhu wajen ƙugu.

"Aradu wanga ƙashi ya cinye! Zomo ɗaya za shi kora ya karye."

Na ce ina zaton haka yake ga lafiyayyun karnuka ma.

"Zato, Likita? Kana iya rantsuwa?" in ji Baba Manu.

"Baba, karnuka kaɗan muka duba. Ba zan rantse kan abin da ban tabbatar ba."

Ya miƙo mini hoton, muka koma mota.

Jega kuma

Ranar kasuwa ce, masu sayen karnuka su kai kudu suna bayan tasha. Baba Manu ya nufe su da Barde, na roƙe shi ya ba ni lokaci. Ya ce maharbi ba ya shiga daji da karen da aka yi wa baki a gaban jama'a. Ya kwance layar wuyan Barde ya sa aljihu, ya miƙa musu igiyar. Barde yana ta kaɗa masa wutsiya.

Na isa gida da magariba, na gode Allah da ya maido ni. Daga baya kusan duk lafiyayyen karen da muka ɗauki hotonsa, duhun nan yana wurin.

Wanda ya halarci tsayawarmu a Aliero, in na yi kuskure ya aiko mini da gyara. Musamman ina son sanin ko Baba Manu ya taɓa jin wannan sakamakon.