Taka ko Tasa

Shekara talatin na yi ina koyar da Hausa, ina jan kunnen yara a kan bambancin ƙ da k. Sai ga shi baƙi ɗaya tak ya raba ni da ɗorawa.

Ɗorawar tana kan iyaka, tsakanin gonata da ta taubashina, ɗan gwaggona. A garinmu, can gefen Shanono, gona manne take da gona, don haka kowace bishiya da mai ita. Lokacin da jikin mahaifina ya yi nauyi ina koyarwa a Kunci, sai ya sa ƙanwata ta kunna waya ta ajiye kusa da shi, ta fita, ya bar mini saƙo a kan gonaki. A ciki, da ya zo kan taubashina, ya ce, "Gonar gabas tasa ce, ɗorawar kuwa..." sai kalma ɗaya. Ni taka nake ji. Taubashina ya ce tasa.

Bayan rasuwar muka je gaban mai unguwa. Wayar ta daɗe da mutuwa, saƙon yana cikin tsohuwar kwamfutata, wadda in ka kunna ta sai ta yi ta ƙugi kamar an kulle ƙudan zuma a tulu. Aka saurara sau uku. Daidai wurin kalmar, ƙugin ya fi muryar Baba ƙarfi.

"Ranka ya daɗe," in ji taubashina, "ni ran nan ma ina kasuwar Dawanau da wakena, ban san an yi ba. Amma kunnena garau yake. Shi kuwa Malam, kunnensa ya riga shi yin ritaya. Gwamnati ce kawai ba a sanar wa ba."

Aka yi dariya, har da mai unguwa. Ni ma na yi, dole. Abokin wasa ba a yi masa fushi a bainar jama'a, kuma ya san da haka, shi ya sa kowace wuƙa tasa a cikin wasa yake naɗe ta. Aka ce a bar masa bishiyar sai an sami hujja. Da bazara iyalinsa suka kaɗe ta tas. Bayan wata biyu ya aiko mini da daddawa a ƙaramin kwano, wai a sa wa Malam a miya, tana buɗe kunne.

Na ci daddawar. Ta yi daɗi, kuma wannan ya fi komai ɓata mini rai.

Ina da hedifon mai kyau, irin mai rufe kunne duka, wanda malamai suka ba ni ranar sallama da na yi ritaya. Da shi nake jin tsofaffin waƙoƙi da hantsi, in batirin sola ya cika. Wata rana na kai kwamfutar Kano wajen mai gyara, na ce a kashe mini zumar nan. Ya ce ba ta kasuwa, daga ciki take. Ya miƙo mini wani abu kamar kwalin ashana, ya ce sunansa dak. Sautin da ke cikin kwamfuta, in ji shi, lambobi ne zalla, sai an juya su kafin kunne ya ji. Mai juyawar da ke cikin tawa na banza ne, yana zaune kusa da wuta yana kwasar hayaniya. Wannan a waje yake aikinsa: a soka shi inda ake saka filash, a soka hedifon a jikinsa.

Na ce, "Wato tafinta."

Ya ce, "Haka dai, Baba."

Kuɗinsa bai kai na ɗan akuya ba. Na saya ina zargin kaina da wauta.

A gida na haɗa, na kunna. Abin da na fara ji shi ne shiru, shiru na gaske, sannan numfashin Baba kafin ya yi magana, da ƙarar gadon kara da ya gyara kwanciya. Na cire hedifon na ɗan zauna. Da na mayar, kalmar ta fito da k ɗinta, tsaf kamar an rubuta a allo: taka ce.

Da a nan na tsaya, da na sami bishiya kawai. Amma malami ba ya barin takarda sai ya karanta har ƙasa. Can bayan Baba ya yi shiru, daga nesa, wajen bakin ƙofa, wata siririyar murya da ƙugi ya binne shekara da shekaru ta ce, "To, Kawu, na ji. Ta Malam ce."

Mutumin da yake Dawanau da wakensa.

Ban gaya wa kowa ba har sati biyu. Na jira ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da zauren mai unguwa ya fi cika. Na fara sa wa mai unguwa hedifon, sannan liman. Kowanne ya cire ya dubi ƙasa. Sai na juya.

"Taubashi, zo ka taimaki kurma. Kai ne mai kunne."

Na ɗora masa da hannuna, na gyara masa a kan hula. Ina kallon fuskarsa har muryarsa ta iso shi. Ya kai hannu zai cire, na riƙe.

"A ajina ba a tashi sai an maimaita. Me yaron nan na bakin ƙofa ya ce?"

"Haba, Malam, wasa ne fa."

"Ni ma wasan nake. Ɗaga murya, na yi ritaya."

Ya maimaita. Na ce na baya ba su ji ba. Ya sake.

Bazarar da ta biyo muka kaɗe ɗorawar, kalwa ta yi auki. Na sa aka yi daddawa, na nemo kwanon nan nasa da ban taɓa mayarwa ba, na cika shi har ya yi tozo. Na kai masa da kaina, na ce a sa a miya, tana gyara tunani.