Ranar da 'Yata Ta Ce Min Albarka

Ko tsufa ya kwashe min komai, akwai wata Asabar da ba za ta fita daga kaina ba. Abin da ke kan faifai a ranar ba shi da yawa: kwana uku a ƙafa cikin duwatsun Shenandoah da ke nan Amurka, gwiwoyi biyu da suka haura shekara hamsin, da 'ya guda ɗaya wadda ta gama jami'a a College Park, ta samu aiki a wani gari mai nisa, saura wata ɗaya ta bar gida.

Ita ta kawo maganar. A nan aka haife ta, ina yi mata Hausa tana mayar min da Turanci, hirarmu kuma ba ta wuce "kin ci abinci?" da gyaɗa kai. Wata rana sai ta shimfiɗa taswira a kan tebur, ta ce tana so mu yi tafiyar nan ni da ita, mu kwana a tanti, kowa da kayansa a bayansa. Ta ƙara da cewa idan ba zan iya ba, za ta bi ƙawayenta. Wannan "idan ba za ka iya ba" ita ta sa na amsa tun kafin in kalli taswirar.

Ni dillalin motoci ne. Shekara ashirin ina loda tsofaffin motoci a kwantena zuwa Kwatano. A sana'armu wuri ake saya, duk kafar da ka bari fanko asara ce. Cikin mota a cusa firji, cikin firji a cusa takalma, cikin takalma a cusa safa. Don haka na ce ita ta ji da hanya da takardar izinin kwana, shirya kaya kuwa ta bar wa masu shi.

Labari ya bazu a garin da muke zaune, Hyattsville, cewa zan yi tafiya, mutanenmu kuma ba su san tafiya ba guzuri ba. Mai ɗakina ta yi dambun nama. Mai shagon kayan abinci, mutumin Kumasi, ya ba ni garin rogo da kwalbar yajinsu. Wani dattijo ya aiko da kilishi. Wa zai mayar da guzuri? Na haɗa da tukunya, butar shayi, butar alwala, darduma, rediyo da bargo biyu. Shinkafa ta shiga tukunya, sukari ya shiga buta, batir ya shiga takalmi. Na ja zif, jaka ta rufu tsaf, ko allura ba za ta samu masauki ba.

Saura mako guda, ranar Asabar ɗin, 'yata ta ce a yi gwaji. Maƙwabcinmu, wani nas mutumin Jos da kullum yake tuna min cewa a kan dutse aka yanke masa cibiya, ya shigo kallo. Ya zagaya jakar sau biyu.

"Alhaji, ka ɗaga ta kuwa?"

"Ba ka ga ta rufu ba?"

"Ban ce ba ta rufu ba. Jirgin ruwa ne zai ɗauka, ko kai?"

Na tsuguna, na zura hannuwa cikin igiyoyin, na yi bismilla na yunƙura. Na tashi, amma jakar ba ta yarda da shawarar ba. Sai ga ni rigingine a tsakar falo, ƙafafu a sama kamar kunkurun da aka kifar. Mutumin Jos ya riƙe ciki yana cewa, "Kwantena ta faɗi tun ba a kai tasha ba!" Mai ɗakina ta ce "Sannu, Alhaji" daga ƙofar kicin, bakinta cikin mayafi. Aka ɗora jakar a sikelin da nake auna kayan mutane: fam tamanin da biyu, wajen kilo talatin da bakwai ke nan.

'Yata ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta fara naɗe taswirar, ta ce ba komai, za ta kira ƙawayenta. Ina kwance a ƙasa na ga kwana ukun nan suna shiga aljihunta. Abu ɗaya na iya a duniya, shi na yi.

"Zauna mu yi ciniki. Nawa kike so ta koma?"

Ta ce fam talatin.

"Saba'in."

Ta dube ni, ta ɗaga gira, ta ce da Hausa, da irin muryata sak, "Albarka."

Ashe duk shekarun da nake kai ta makaranta ina ciniki a waya, tana kujerar baya tana ɗaukar darasi.

"Sittin, don ke ce."

"Albarka, Baba. Ba ka shirya saye ba."

Haka muka bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Tukunya ta fita, rediyo ya bi ta. Da muka zo kan kilishi na kafe, ta ce akwai beyar a dajin, wata ƙatuwar baƙar dabba mai jin ƙamshi daga nesa. Mutumin Jos ya ce bai kamata a jefa rayuwata cikin haɗari ba, ya rungume kilishin. Darduma ta koma ɗan yadi marar nauyi. Shayi kuwa na ce ba ya cikin ciniki, ko a fasa tafiyar. A fam talatin da biyar ta miƙo min hannu ta ce, "Na sallama."

Mun yi tafiyar. Na yi nishi a kowane hawa, ita kuma ta yi ta tambayata sunan abubuwa da Hausa, daga gajimare har ƙadangare. Ban taɓa sanin yarinyar nan tana da surutu haka ba.

Da na zauna na duba, asarata kilishi ne, da farcen babban yatsan ƙafa guda da ya fita a hawan dutse, da ɗan girman da ya zube a tsakar falo. Ribata kuwa, duk Lahadi takan kira ni, ta fara da "Baba, ina wuni, ya kasuwa?" Abin da na koya shi ne, shigar kaya daban, ɗaukuwarsu daban. Shekara ashirin ina cike kowace kafa a kwantena, ashe babbar kafar tana cikin gidana, kuma ita sai da na rage kaya ta cika.