Gidan Karfasa a Gonar Hanyar Arfa

Bayan Kaka ta tashi daga ciwon da ya kwantar da ita wata biyu, sai ta ƙi abinci. Ita ta haifi Baba, kuma ɗaki ɗaya muke kwana a gidanmu na Kudai, don haka na fi kowa sanin yawan shinkafar da ke komawa kicin. Awarwaronta da a da yake tsayawa a wuyan hannu ya koma zamewa har gwiwar hannu. Abu ɗaya take nema, kifi, shi ma karfasa ta ruwan daɗi wadda aka kama yau. 'Yar masunta ce, a bakin tafkin Cadi aka haife ta kafin iyayenta su biyo da ita ta Sudan zuwa nan ƙasa mai tsarki.

Baba ya sayo kifin teku daga Jidda, ta shinshina ta ture. Ya sayo na ƙanƙara.

"Wannan ai ya riga ubanka mutuwa," in ji ta.

Baffa, ƙanin Baba, yana gadi a wata gonar dabino ta hanyar Arfa. A gonar akwai birka, wato babban tafkin siminti da ake tara ruwan shayar da itatuwa. Mai gonar ya zuba karfasa a ciki don su cinye gansakuka, ya ce duk wanda ya iya kamawa ya ci. Baffa ya yi kwana uku yana jefa ƙugiya, bai samu ko ƙaya ba.

Ran Juma'a bayan la'asar muka ɗauki Kaka da kujerarta ta roba muka tafi. Ta daɗe tana kallon ruwan. Ni ma na leƙa. Kifayen suna can a warwatse, da inuwar mutum ta faɗa musu sai su bazu.

"Kai," ta ce wa Baffa, "in aka ajiye ka tsakiyar Muzdalifa da rana tsaka, ba tanti ba bishiya, za ka zauna ka ci tuwo?"

"A'a, Inna."

"To su ma haka. Ku gina musu gida."

Baba da Baffa suka naɗe wanduna suka shiga wata kusurwa inda ruwa ya tsaya musu a ƙugu. Ni nake miƙa kaya: bulo takwas, fasassun tukwanen shuka, igiya. Baffa ya jera bulon ramukansu na kallon sama.

"Rijiya kake haƙa musu ko ɗaki?" in ji Kaka. "Kwantar da su, ƙofa ta kalli gefe!"

Sai rassa. Baba ya ɗauro busasshiyar zarbar dabino ya danna ta ƙasa, yana saki ta taso ta kama hanyarta, Baffa na bin ta yana cewa "Yalla, dawo!" Kaka ta yi dariya har da tari, dariyar farko da na ji daga bakinta tun kwanciyarta. Ta sa aka saro ɗanyun rassan magarya aka ɗaure su a jikin bulon, zarbar kuma aka danne ta da duwatsu ta zama rumfa. Da aka gama, abin ya yi kama da bukkar da iska ta hargitsa.

"Mako biyu," in ji Kaka. "Kada wanda ya taɓa."

Makon nan biyu shayi da kunu kaɗai suka shiga cikinta. A kwana na biyar Baffa ya bugo waya yana ƙorafi. Ya kasa haƙuri ya jefa ƙugiya, ƙayar magarya ta cinye masa guda uku.

"Allah ya ƙara," ta ce. "Wa ya ce maka ƙwanƙwasa musu ƙofa ake yi? Kewaye su ake yi."

Ranar da wa'adi ya cika, Baba ya zo da koren ragar inuwa da aka yar bayan aikin hajji. Suka kewaye gidan da ita a hankali, suka danne bakinta na ƙasa da duwatsu, sannan suka riƙa zare rassan ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya fara tafasa. Da suka ɗago ragar, wani kifi ya mari Baffa a kunci, ya faɗi zaune cikin birka.

Kaka ta sa aka kawo bokitin gabanta tana tsinta da hannu. Ta ɗago wata mai kumburarren maƙogwaro, ta buɗe mata baki ta nuna mini. Cike yake da ƙwai rawaya, ƙanana kamar gero.

"Mai jego ce. Mayar da ita."

Huɗu ta zaɓa. Aka gasa su a gawayi da gishiri da yaji. Duk muka yi kamar ba kallonta muke ba. Ta gutsuri gefen ciki ta tauna.

"Ba ta da ƙamshin laka irin na gida," ta ce. "Siminti ya cuce ta."

Baba ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta ci gaba, ta tsotse kan, ta jera ƙayoyin a gefen faranti, sannan ta nuna ta biyu da yatsa.

"Miƙo waccan in ji ko ta fi. Ku kuma ku mayar musu da rassansu kafin magariba."