Shekarar da Isaka Meteyo Ya Ci Gardama

Duk wanda ya zauna unguwar Bukoki a Yamai ya san Isaka Meteyo. Ko bai san sunansa ba ya san tafiyarsa: dogo, siriri, kai kullum a sama yana leƙen gajimare, har ya sha tuntuɓe da awakin mutane. Tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai aikinsa guda ne, auna ruwan sama da iska da zafi a ma'aikatar yanayi, wadda kowa a Yamai ke kira meteyo. Daga can sunan ya biyo shi gida. Mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, amma gardama, kai, Allah ya zuba masa ita. In ka ce masa yau ana zafi, sai ya tambaye ka da me ka auna.

Su biyu ne wurin ubansu, a wani ƙauye na ƙasar Dogon Dutsi. Da aka zo ɗibar yara lakwal, wato makarantar boko, aka ce kowane gida ya ba da ɗaya, tsohon ya riƙe babban, Illo, saboda gona, ya miƙa Isaka. Bayan rasuwar tsohon ne Illo ya biyo ƙanensa birni, bai zo da komai ba sai tabarma da tukunyar iri. Da rani yana sayar da kayan miya, da damina ya koma gonar da wani abokinsa Bazabarme ya ara masa a bayan Tondibiya, can wajen gari.

Irin nan kuwa shi ne duk gadonsu. Hatsi ne mai doguwar zangarniya, mai jinkirin nuna, furarsa na da ƙamshin da ba a samu a hatsin kasuwa. Ubansu daga nasa uban ya karɓa. Kowace kaka Illo zai tsince zangarniyoyin da suka fi cika, ya sussuke, ya gauraya da toka, ya zuba a tukunya ya liƙe bakin da laka. Kuma akwai ƙa'idar da gidansu ba ya ketarewa: ba a shuka iri duka a ruwan farko. Rabi a ƙasa, rabi a tukunya, don in tsiro ya mutu a samu na maimaitawa. Isaka da duk bokonsa, in azumi ya zo ba ya buɗe baki da wata fura sai ta hatsin Baba, matarsa Balkisa ta san haka.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, Illo zai biyo gidan Isaka a ɗora shayi a ƙofar gida. Kafin kofin farko ya huce sun fara. Illo ya ce ruwa a hannun Allah yake. Isaka ya ce ruwa iska ce mai laima da ke tasowa daga teku. Illo ya tambaya wa ke turo iskar, Isaka ya ce zafin rana. To wa ya kunna ranar? A nan Isaka kan karkace hula ya ce ma'auninsu bai kai can ba, shi bai sani ba, amma Illo ma ba sani ya yi ba, faɗa masa aka yi ya riƙe. Illo ya yi istigfari, ya miƙo kofi a ƙara masa. Maƙwabta suna jin hayaniyar su ce ƴan gidan Balkisa sun fara sana'ar.

Abin da maƙwabta ba su sani ba, gardamar nan ba ta baki kaɗai ba ce. Isaka yana salla, yana azumi, amma ya daɗe yana sa goshi a ƙasa ba tare da tabbacin akwai mai jinsa ba. Abin yana cinsa ƙwarai. Bai taɓa faɗa wa Balkisa ba, balle limamin unguwa. Illo kaɗai ya faɗa wa, wata rana suna dawowa daga jana'iza, kuma Illo bai zage shi ba, bai kai shi gaban malamai ba, bai tsegunta wa kowa ba. Cewa ya yi kawai Isaka ya ci gaba da sallarsa, shi zai riƙa roƙa masa. Wallahi ba kowane wa ne zai yi wa ƙanensa wannan ba.

Shekarar da Isaka zai ajiye aiki, ruwa ya yi jinkiri. Lokacin shuka ya zo ya wuce, sama fes, ƙasa ta ƙone, buhun hatsi ya hau. Aka yi shelar roƙon ruwa. Gari ya fita filin Idi, tsofaffi da yara, maza sun juya rigunansu ciki waje kamar yadda ake yi. Illo ya biyo wa ƙanensa su tafi tare, Isaka ya ce ba inda za shi. Ya riga ya ga hotunan tauraron ɗan'adam a wurin aiki, hadari yana haɗuwa can gabas, ko an roƙa ko ba a roƙa ba ruwa na tafe. Har ya ƙara da cewa in ya sauka za su ce addu'arsu ce ta kawo shi.

Ran Illo ya ɓaci, irin ɓacin da bai taɓa yi ba. Ya ce tunda Isaka ya zama mai rabon ruwa, to ya faɗi ranar. Isaka ko gezau, ya ce Laraba da la'asar, iska za ta fara, ruwa ya biyo baya. In bai sauka ba, shi zai je roƙo na gaba, sahun farko, da rigarsa a juye. In kuwa ya sauka, Illo ya yarda ilimi ya fi al'ada sanin sama, ya shuka irinsa duka. Kuma yana da hujja, ba za a ce ba shi da ita ba: damina ta makara, hatsin Baba mai jinkiri ne, rabin da za a ajiye ko an shuka shi daga baya ba zai nuna ba. Balkisa daga cikin gida ta ce su bar wannan rantse-rantsen, ba kyau. Wa ya saurare ta? Jini ɗaya ne, taurin kai ɗaya. Suka tafa.

Ranar Laraba da la'asar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso ta kwashe kwanukan rumfuna, sannan ruwa ya ɓarke, har kwatocin Bukoki suka cika suka shiga gidaje. Mutane na murna suna cewa Allah ya karɓi roƙo. Isaka ya tsaya a ƙofar gida ruwa na dukansa yana dariya shi kaɗai, tsofai-tsofai da shi.

Washegari da sassafe Illo ya iso da tukunyar iri a buhu da sunguminsa na shuka, zai hau mota zuwa Tondibiya. Bai zauna ba. Ya dubi ƙanensa ya ce:

"Ka ci, ban musa ba. Amma tambaya ɗaya, Isaka, tsakaninka da Allah. Damina ta zauna?"

To a nan ne fa. Isaka ya san amsar gaskiya sarai, shi da ya tsufa a aikin. Na'urorinsu suna hango ƴan kwanaki ne, abin da ya wuce nan ƙiyasi ne, ba wanda ya isa ya rantse a kai. Sau nawa ya koya wa sababbin ma'aikata haka? Amma mutumin da ya kwana da daɗin nasara, bayan shekara da shekaru ana ce masa wa ya kunna rana, ya buɗe baki da safe ya ce ban sani ba? Bakin ya ƙi.

"Ta zauna, Yaya. Shuka duka."

Illo mutum ne mai cika magana. Ya shuka duka, har ya kife tukunyar ya kakkaɓe tokar.

Tsiro ya fito gwanin kyau, gonar ta yi kore shar. Daga nan sama ta rufe bakinta. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Isaka ya daina barcin kirki. Kullum shi ne farkon zuwa ofis, ya zauna gaban hotuna yana neman laima kamar mai neman allura a rairayi. A cikin makonnin nan ne ya kama kansa yana addu'a da gaske, shi da bai san ko ana jinsa ba, yana cewa in kana nan, ko yayyafi ne, a kan gonar nan kaɗai. Ruwa bai zo ba sai da tsiron ya kwanta ya bushe. Maƙwabtan Illo na gona suka fito da ragowar irinsu suka maimaita, suka samu ɗan abin da suka samu. Illo ya tsaya a bakin gona yana kallonsu.

Da kaka Isaka ya hau mota har ƙauyensu neman irin. Ya bi gida-gida, dangi da waɗanda ba dangi ba. Kowa ya ce ai sun daɗe da barinsa, damina ta gajarce, sun koma iri mai saurin nuna. Wata tsohuwa ta ce tana jin akwai a wani ƙauye gaba, ya je, ya tarar ba shi ba ne. Ashe tukunyar Illo ce ta ƙarshe, ba wanda ya sani, har su kansu. Ya dawo Yamai da ƙura a gemu da buhu wayam.

Abin da ya fi ƙona shi, Illo bai ce masa uffan ba. Duk wanda ya yi masa jaje sai ya ce haka Allah ya so. Ya ci gaba da zuwa gidan, yana wasa da jikoki, yana gaida Balkisa, amma in Isaka ya jawo zancen iska da teku sai ya ce haka ne kawai. Allah sarki Isaka. Da zagi ya samu da ya fi masa sauƙi, ya rame, har tafiyar tasa ta kai a sama ya daina.

Da damina ta sake kusatowa ya kasa haƙuri. Ya bi Illo har gona, ya same shi yana sharar ƙasa, ga ɗan ƙullin irin kasuwa a gindin bishiya. Ya tsuguna a gabansa, abin da bai yi ba tun suna yara. Ya faɗa masa komai: ranar nan bai san ko damina ta zauna ba, ba wanda zai iya sani, ilimin bai yi ƙarya ba, shi ne ya ɗora masa abin da bai faɗa ba don kada ya rasa nasararsa.

Illo bai daina sharar ba. Ya ce abin da Allah ya rubuta ba makawa, Isaka wane ne da zai hana ruwa sauka.

"Ban hana ruwa ba, Yaya, amma ni na sa ka kife tukunya. Wannan ba rubutu ba ne, bakina ne. Ka daina ɗora wa Allah abin da ni na yi."

Sai a lokacin Illo ya ajiye abin sharar. Ya dubi ƙanensa, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kana tsammani ban sani ba? Tun da safen nan na gani a fuskarka. Isaka, in kai ne ka yi, ban san yadda zan yafe maka ba. Na gwada, na kasa. Kai kaɗai ka rage mini. Don Allah ka bar ni in ce Allah ne."

Isaka yana da amsa, bai taɓa rasa amsa ba a rayuwarsa. Ya haɗiye ta. Ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya kama tattara ciyayin da wansa ya share.