Ranar da Baba Direba Ya Zo na Ɗaya a Rashin Ladabi

Ko gigin tsufa zai kwashe min komai, ban jin zai taɓa wannan labari.

Lokacin ina sakatariya a wata makarantar kuɗi a Nassarawa GRA. Iyayen yara suka yi ta ƙorafi cewa wasu ma'aikata suna yi musu wulaƙanci. Sai Hajiya mai makaranta ta dawo daga wani taro da takardar tambayoyi, wai ta auna rashin ladabi. Kowa zai amsa game da kansa, kuma wanda makinsa ya fi yawa zai nemi aiki a gaba.

Ai kuwa ranar duk muka zama waliyyai. Har matar da ke ofishin karɓar baƙi, wadda ko sallama da hanci take amsawa, ta rubuta cewa ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

Baba direban motar yara bai yi boko ba, don haka ni na karanta masa. Dattijo ne ɗan Kawaji, mai iyali da yawa, mutumin da ko yaro ya taka shi, shi ke ba da haƙuri.

Na ce, "Baba, kana yi wa abokin aiki ba'a a gaban mutane?"

"Kullum ta Allah."

"Kana kiran wani da sunan da zai ƙasƙanta shi?"

"Sosai. Bawan nan nawa."

Malamin lissafi yake nufi, wani Kirista ɗan Wusasa. Wasan Kanawa da Zagezagi suke yi. Kowace safiya Baba zai ƙwala masa kira da bawa, shi kuma ya tambaye shi kabewa nawa ya cinye jiya.

Na ce, "Baba, ba irin wannan ake nufi ba."

"Ke dai rubuta, 'yata. Ba a tambaye ni dalili ba."

Da muka zo kan "Ni mutum ne mai ladabi", sai ya sunkuyar da kai. "Yabon kai jahilci ne. Mutane za su faɗa, ba ni ba." Na yi lallashin duniya ya ƙi.

Wani baƙo aka kawo ya haɗa maki, wanda bai san kowa ba, kuma Baba ya zo na ɗaya. Da labari ya kai masa, bai yi musu ba. Washegari ya ga malamin lissafi a bakin ƙofa, ya rusuna ya ce, "Ina kwana, Malam," ya wuce.

Kafin a buga ƙararrawa malamin ya shigo ofishina, idonsa ya yi ja. "Don Allah me na yi wa Baba? Yau gaishe ni ya yi kamar baƙo."

Na gaya masa komai. Bai ko ajiye allinsa ba ya nufi ofishin Hajiya, ni kuma ina biye.

"Ranki ya daɗe, da aka kwantar da mahaifiyata a asibiti, mutumin nan ne ya riƙa kai mana abinci daga gidansa. Idan za a kori mai zagin, a haɗa da wanda ake zagi, don ni ma ina ramawa."

Hajiya, Bakanuwa ce ta asali, ta ɗauko takardar Baba ta duba. Can ta ce, "Yanzu Bazazzage ne ya zo ceton ubangidansa?" Ta yi dariya har da hawaye, ta tura takardun cikin durowa. Daga baya iyayen yaran ta tambaya su wa ke yi musu wulaƙanci, suka kuma faɗa mata gaskiya.

Da safe ina buɗe taga na jiyo muryar Baba: "Ina bawan nan nawa?" Ban taɓa jin zagi ya yi min daɗi haka ba.

Tun daga ranar na gane cewa idan ka ce mutum ya auna kansa, mai kunya ne zai ɗora wa kansa laifi, marar kunya kuwa ya fita fes. Halin mutum, a bakin waɗanda suke zaune da shi ake jin sa.