Daddawa Uku a Cikin Jere

Shekarar da uwar yarana ta rasu, ɗari ya shigo Magaria da wuri, kamar ya ji labarin akwai gidan da babu mai hana shi zama. Na riga na ajiye alli a lokacin, bayan shekara talatin ina koya wa ƴaƴan mutane Faransanci. Namu ƴaƴan kuwa sun watse, ɗaya a Yamai, biyu a Kano, kowa na aiko mini da rigar sanyi da nasiha ta waya.

Na koma kwana a ɗakinta, ina ce wa mutane ya fi nawa ɗumi. Jerenta na nan yadda ta bar shi, kwanonin samira masu furanni an ɗora su bisa juna har kusa da rufi. Ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, kallonsu kawai ake yi, kamar littattafan ofishin daraktan makaranta. Wata safiya na ce bari in goge su. A kwano na huɗu na tarar da ƙunshin tsumma, a ciki daddawar batso guda uku, irin wadda take yi da hannunta da ƴaƴan yakuwar gonarmu ta Bande. Ɓoyewa ta yi saboda masu "a ɗan sam mini". Uku ce, kuma ba za a ƙara ba. Tuwo bai dame ni ba, maƙwabta na aikowa kullum. Miyar kukarta nake so in sake sha ko sau ɗaya.

Ta farko ni na ɓata ta. Na juye garin kuka gaba ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ban san ana barbaɗawa ana kaɗawa ba. Miya ta fito gudaji-gudaji. Da ɗalibi ne ya kawo mini wannan aiki, biyu bisa ashirin zan ba shi, su ma don ya zo lakwal, wato makaranta, cikin sanyi.

Washegari ƙanwar marigayiyar ta zo daga Bande duba ni. Ta buɗe tukunya ta leƙa.

"Mushe, wa ya dama maka kunu?" in ji ta, don haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu, daga Faransanci.

"Miya ce."

"Allah ya ji ƙan Yaya, ta ciyar da mutumin da bai san maburgi ba. Tashi mini daga murhu."

Na ba ta daddawa ta biyu. Ta yi miya mai yauƙi, mai ƙamshi, babu inda za a sa mata jan alƙalami. Na kai loma, na ce madalla.

"Wannan madallar taka ba gishiri," in ji ta. "Ba irin tata ba ce ko?"

Na girgiza kai, ta ci gaba.

"Ai Yaya gasa daddawa take yi a garwashi kafin ta daka, har gefen ya ɗan ƙone. Innarmu ta yi faɗa har ta gaji. Ni ba na ƙona abinci da gangan, amma kawo ta ukun in yi maka."

"Bar ta."

"Bango za ka rataye ta kamar takardar gama lakwal?"

"Koya mini kaɗi dai, ki kama hanya."

Mako guda na yi ina bita da daddawar kasuwa, ni kaɗai a tsakar gida, hula har kunne, ina murza maburgi tsakanin tafuka. Ranar da hannuna ya faɗa, bayan la'asar na hura gawayi a kasko, na ɗora ta ukun. Da gefen ya fara baƙi, ƙamshin ya tashi ya cika gidan. Shekaru na yi ina jin wannan ƙamshi daga zaure, ina gyaran kaye, wato littattafan rubutun ɗalibai, ban taɓa tasowa na ga abin da ake gasawa ba. Na daɗe a tsugune kafin in tuna turmi.

Miyar ta yi. Gishiri ya ɗan yi yawa, wannan sa hannuna ne, amma ita ce. Na zauna a bakin ƙofa, bargo a kafaɗa, na ci a hankali. Na rage saura don ɗumame, da safe na ci, na sake ragewa. A kwana na uku ta fara tsami. Na ɗumama ta duk da haka, na suɗe tukunyar da yatsa, sannan na ɗebo ruwa na wanke.