Gwangwalar Mai Fito

Ni dillali ne tun ina saurayi. Albasa da bandar kifi na sani, da su na yi aure, da su na kafa rumfata a bakin kasuwar Yelwa. Ban gaji ko buhu ɗaya wurin kowa ba. Abin da ya ɗaga ni shi ne na iya baki, kuma ina jin labarin kaya kafin wasu su ji.

Kafin a tare kogi da dam, albasata daga gungu take zuwa, wato tsibiran da ke tsakiyar ruwa, inda Gungawa ke nomanta da rani suna ban ruwa da ƙwarya. Mai ɗauko mini ita wani mai fito ne ɗan gungun, dogo, marar yawan magana, ya ɗan girme ni. Da ruwan dam ya taso ya haɗiye gungunsu, gwamnati ta kwashe su zuwa sabon ƙauye a bakin tafki, gidajen siminti a jere. Da yawa sun ajiye jirgi, shi bai ajiye ba. Ranar kasuwa ya ɗebo mutanen ƙauyukan gaɓa ya kawo Yelwa, sauran ranaku ya ɗauko mini kaya. Fiton nan shi ke ciyar da gidansa, har da tsohuwarsa da duk muke kira Inna.

A shekarun nan mutane na tsoron ruwa. Kogin da muka sani ya zama teku, iska na tayar da igiya, itatuwan da ruwa ya rufe suna tsaye a ƙasa suna jiran cikin jirgi. Mai shiga jirgi sai ya dubi fuskar matuƙi tukuna ya sa ƙafa. Mutumina kuwa an yarda da shi. Mata masu goyo nasa suke jira.

Wata shekara, ana shirin bikin tunawa da samun 'yancin kai, wani malamin makaranta ya zo rumfata. Shi da abokansa matasa za su yi wasan kwaikwayo, yana neman tsohon labari na ƙasar nan, mai shari'a a ciki. An ce masa idan labari yake so ya zo wurina. Wannan maganar ta yi mini daɗi. Na sa aka kawo masa fura, na gyara zama, na ba shi labarin da babana ya sha ba mu.

A zamanin Turawa wani farke mai goro ya shiga jirgin fito shi kaɗai, abokan tafiyarsa na tsaye a gaɓa suna jiran a dawo a ɗauke su. Babana na cikinsu. Da jirgi ya kai wajen duwatsu sai suka ga mutum cikin ruwa, suka ga mai fito yana kai masa gwangwala, sandar nan doguwa da ake tura jirgi da ita. Mutumin ya nutse. Da aka tsinci gawarsa babu jakar kuɗi a ƙugunsa. Fatake suka yi shaida, aka ɗaure mai fito, ya mutu a kurkuku.

Iyakar abin da babana ya gani ke nan. Amma malam na rubutu, idonsa na kaina, ni kuma bakina ya saba ƙara wa kaya kyau. Na sa mai fito ya leƙa jakar tun a gaɓa. Na sa ya girgiza jirgin da gangan. Kuma na san ɗan wannan mai fiton ne ke ɗauko mini albasa. Na sani sarai. Na ce a raina abu ya daɗe, ba za a ambaci suna ba, wurin ma ruwa ya rufe shi.

Da za a yi wasa malam ya aiko neman kayan aro. Na ba su wani tsohon jirgi da ya tsage, da huhun goro, da gwangwala guda da na gani jingine a bayan rumfa.

Bayan la'asar aka yi, a filin makaranta. Aka sa ni a benci na gaba, kusa da manyan gari. An shimfiɗa shuɗin yadi a ƙasa, shi ne ruwa. Wanda ya fito a mai fito wani akawu ne, ya ɗaura ɗan zane a ƙugu, yana karya Hausa irin ta mutanen gungu, jama'a na ta dariya. Ni ma na yi. Can baya, inda mutanen ƙauye ke tsaye, na hango kan mutumina ya fi na kowa tsawo.

Aka zo wurin duwatsu. Farke ya faɗa kan yadi, ya miƙo hannu ya kama gefen jirgi yana salati. Akawun nan ya ɗaga gwangwala da hannu biyu ya maka masa a ka, ya ƙara, ya ƙara, sannan ya sunkuya ya fizge jaka. Fili ya kaure. Wata mata ta cire takalmi ta jefe shi. Wani na ihu, "Allah ya isa! Haka suke, wallahi haka suke!"

Ni kuwa hannuna ya tafi kafaɗata ta hagu. Akwai tabo a wurin. Da jimawa, tun kogi na kogi, na taɓa zamewa daga jirgin mutumina muna ɗauke da albasa. Na taso na kai hannu zan kama gefen jirgi, sai na ji gwangwala ta soke ni a kafaɗa ta ture ni baya. Yana ta daka mini tsawa, "Kama sanda! Bar jirgi, kama sanda!" Duk ɗan ruwa ya san wannan. Wanda ke nutsewa in ya kama gefen ƙaramin jirgi kifar da shi zai yi, a mutu gaba ɗaya. Ture shi ake yi da sanda har ya kama ta, a ja shi ta baya. Wanda ke tsaye a tudu, bai san ruwa ba, duka zai gani. Babana da fataken nan mutanen tudu ne. Ban taɓa haɗa abin nan biyu ba sai da na ga akawu ya ɗaga sanda. Ko kuwa ban so haɗawa ba. Da na waiga, mutanen gungu sun fara sulalewa.

Washegari rumfata ta cika, ana ta musu a kan ko wasan ya yi daidai. Wani tsoho mai kanwa ya ce alƙalin wancan lokaci ba shi da gemu, ya san shi. Mahauci ya ce ƙarya ne, gemunsa har ƙirji.

"To ɗan dokan fa? Wa ya taɓa ganin ɗan doka da takalmi a lokacin?"

"Kai kuma wa ya gan ka da wando a lokacin?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce farken mutumin Jega ne, ba Bakano ba. Wani ya ce ai ba goro ya ɗauko ba, gishiri ne. Ni aka mayar alƙali, kowa na cewa, "Maigida, kai da ka ji daga bakin wanda ya gani, raba mu." Babu wanda ya yi musu a kan dukan. Wannan kowa ya yarda da shi. Kuma kafin azahar sunan da malam bai ambata ba ya zagaya kasuwa.

Ana cikin haka mutumina ya shigo da buhu a ka. Ya sauke, ya koma ya ɗauko na biyu, har ya gama. Mutane suka zame ɗaya-ɗaya. Ya tsaya yana share gumi.

"Maigida, gwangwalar da aka kashe mutum da ita jiya tawa ce. Nan na bar ta."

Na ce, "Yaya, ban lura ba."

"Na san ba ka lura ba." Ya dube ni. "Ranar da ka faɗa ruwa, hannu na ba ka ko sanda?"

"Sanda."

"To."

Na ce masa zan gyara. Na ce na yarda babansa ceto ya yi niyya. Sai ya girgiza kai.

"Kada ka ƙara wata magana a kan waccan. Ni ina goye lokacin. Inna ta ce bai yi ba, amma ita ma tana gida tana daka. Jaka kuwa, ko ruwa ya tsinke ta ko waɗanda suka tsinci gawa, ko shi ɗin, Allah kaɗai ya sani. Ni ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba, amma kai ka faɗa."

Ya tafi bai ko tambayi sandarsa ba.

Na je wurin malam. Mutumin kirki ne, bai yi gardama ba, sai dai ya ce abin da na faɗa masa ya rubuta, kuma hukuncin kotu ma haka ya nuna. An gayyace su su sake wasan a garin Wara ranar kasuwa. Muka shirya za a canja wurin duwatsu. Mai fito zai miƙa sanda yana ihun a kama, farke ya nutse, fatake a gaɓa su ce duka suka gani, a bar wa jama'a su yi tunani. Ni na biya motar da ta kai su, na bi su.

Ashe labarin wasan ya riga mu zuwa. Mutanen Wara sun ji daga waɗanda suka kalla a Yelwa, dukan nan suka zo gani. Da akawu ya miƙa sanda yana cewa "Kama, kama," sai aka fara gunaguni. Wani ya miƙe.

"Ba haka aka yi ba! A Yelwa dukansa ya yi!"

"Sun ɓata tarihi!"

"An ba su cin hanci ne, ku faɗi gaskiya!"

Akawu ya dubi malam, ya dubi jama'a. Yaro ne mai son tafi. Ya ɗaga sanda ya maka. Fili ya ɗauki sowa. Ina zaune a gaba, da na miƙe na buɗe kafaɗata na yi magana, wataƙila da an saurare ni, don an san ni a kasuwar nan. Na duba fuskoki, rabinsu masu sayar mini da kifi ne. Na ci gaba da zama.

Daga nan abin ya bi ruwa ƙauye-ƙauye. Ba wanda ya zagi mutumina a fuska. Wasa ake yi. In ya tsaya a kwata, inda jirage ke ɗaukar mutane, sai wani ya ce wa abokinsa, "Ɗaure jakarka da kyau." In ya ɗauki gwangwala zai tura jirgi sai samari su kare kai da hannu suna dariya. Matan da ke jiransa suka koma jiran wani. Ba su ce ya yi komai ba, sun ce dai jini ba ya ɓata, ruwan kuma ga shi yadda ya zama.

Na yi abin da dillali ya iya. Ranar kasuwa na sa babbar riga, na rataya jaka a fili inda kowa zai gani, na shiga jirginsa ni kaɗai muka ƙetare muka dawo. Da muka iso wani ya ce, "Ai ba zai taɓa mai ba shi abinci ba." Na mayar da duk kayana wurinsa, na hana sauran matuƙa. Amma albasa lokaci gare ta, kifi kuma ba kullum ba. Fiton ranar kasuwa shi ne gindin abin, shi kuma ya tafi. Na je gaida Inna da goro da sabulu. Ta amsa gaisuwa har ƙarshe, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ta sa mini albarka, ba ta ɗaga ido daga gyaɗar da take ɓarewa ba.

Daga baya jiragen inji suka yawaita a tafki, masu fiton hannu duka suka sha wuya. In ana hira nakan ji ana cewa inji ne ya kori mutumina daga ruwa. Ba na gyara musu, amma na san shi ya fita tun kafin inji ya zo.

Da daminar da ta biyo bayan wasan ta matso ya zo rumfata da hantsi, ba kaya a kansa. Ya ce dangin matarsa sun ba shi gona wajen Shanga, zai koma noman gero. Mutumin da aka haifa a tsakiyar kogi. Na fara lallashi, ya ɗaga hannu.

"Ba shawara na zo nema ba, Maigida. Jirgi zan sayar. Duk kasuwar nan ba wanda ya kai ka iya sayar da abu."

Na so in saya da kaina a kan kuɗi mai tsoka, ya ƙi. Ya ce ni ba matuƙi ba ne, kuma shi ba sadaka ya zo karɓa ba. Dole na nemo mai saye. Na samo wani Basarke mai kamun kifi, baƙo daga can ƙarshen tafki. Ya ƙwanƙwasa katako, ya duba ɗinki, ya ga jirgi ne da aka riƙe da kyau. Ya tambaya na wane ne. Na san in ya ji suna ciniki zai faɗi, don haka na ce na wani mutumin gungu ne da ya koma noma. Mutumina na tsaye a gefe yana ji. Na yi ciniki kamar yadda ban taɓa yi wa kowa ba, na ja Basarken nan har ya yi gumi.

Da aka sallama, na miƙa masa kuɗinsa cif, na ce babu la'ada tsakaninmu. Ya ware la'adar da kansa ya ajiye a kan tabarmata.

"Aikinka ne. Ɗauki."

Na ce, "Yaya, don Allah."

"Ɗauki, Maigida. Ba na so in tafi kana ganin ka biya wani abu."

Na ɗauka. Ya yi mini sallama irin ta kullum, ya bi ta cikin 'yan kanwa ya nufi tashar mota.